Komi ɗaya suka ci: sa na fitsarin jini, raguna na ƙiba. Jini ba jini ba ne?

Maiturke_ƘofarSauri

Assalamu alaikum masu kiwo da masu turke. Ina cikin damuwa, tun shekaranjiya ban yi barcin kirki ba.

Ni ɗan tireda ne a cikin garin Katsina, amma duk shekara nakan turke sa ɗaya da 'yan raguna saboda Babbar Sallah, a wani kango da muka gada a bayan gida. Bana farin sa na samu, Bunaji, na sayo shi a kasuwar Mai'aduwa wata 4 da suka wuce. Akwai raguna Balami 3, ga kuma awakin maiɗakina guda 5 da ba sa barin wurin sai dare.

Kowa ya san yadda dusa da harawa suka yi tsada. Wani abokina mai noman rani a wajen Ajiwa ya adana albasa yana jiran ta yi kuɗi, zafi ya sa ta fara tsiro, wata ta yi laushi, babu mai tayawa. Ya ce in aiko a kwashe mashi ita ya huta da wari. Buhu 7 mai kurkura ya sauke mini, kuɗin ɗauko kawai na biya. Wallahi ranar har na yi wa kaina kirari.

Sai na riƙa daddatsa ta da adda, in barbaɗa dusa kaɗan, in juye a rabin duron da suke ci a ciki. Ranar farko sun ɗan shinshina sun ja baya, daga nan kuma sai rububi. San nan har ture ragunan yake da ƙaho. Da na ga haka sai na janye harawa gaba ɗaya, na ce a tara ta sai kusa da Sallah.

A kwana na 6 yarona ya zo shago a guje, wai sa na fitsarin jini. Na je na gani da idona: fitsarin kamar zoɓon da ya kwana, ja mai duhu, har da kumfa. Na ɗaga leɓensa, dasashin ya yi fari fat. In ya taka kaɗan sai haki, numfashinsa kuwa albasa zalla. Ya daina tuƙa. Wani mai sayar da maganin dabbobi ya zo ya yi mashi allurar nan ta kashe ƙwayoyin cuta da ake kira L.A., ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ban ga wani canji ba.

Abin da ya ɗaure mini kai: ragunan da awakin lafiyarsu lau. Wuri ɗaya suka ci, ruwa ɗaya suka sha. Wata jar akuya ma ina jin ta fi san ci idan aka duba girmanta, ga ta can tana hawa katanga. Maƙwabcina ya ce kambun baka ne, don mutane sun cika yaba san. Ban ƙaryata shi ba, amma zuciyata na kan albasar nan. To in ita ce, mi ya sa ta zaɓi sa ta bar saura? Jinin sa da na rago ba duk jini ba ne?

Baffan_Ruga (ɗansa ne ke rubutawa daga Daura)

Wa alaikumus salam. Na karanta wa Baffa, ga abin da ya ce in rubuta maka.

Ya ce Allah ya ba shi lafiya. Ka fara duba hammatarsa da ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne ko akwai kaska, don ciwon da kaska ke kawowa shi ma yana sa jan fitsari, amma shi da zazzaɓi mai zafi yake zuwa, in ka taɓa gindin ƙaho za ka ji. In ba zazzaɓi, to ka janye albasar nan yanzu, kada ka jira gari ya waye.

Ya ce batun jini duk ɗaya ne kuwa, wanda bai daɗe da dabba ba shi ke faɗin haka. Shekarun baya shanunmu sun faɗa gonar dawa da aka girbe ta sake tohowa, gyauro ke nan, a wajen Sabke. Kafin a kore su guda 2 sun faɗi. Da aka yi sauri aka yanka, jinin ja ne jawur, ya fi na kullum haske. Wata shekara kuma wata saniya ta ci ɗanyar karan dawa da fari ya tsumburar a gonar da aka zuba taki mai yawa, ita da aka yanka ta jininta kamar jiƙon makuba ya fito, ƙasa-ƙasa. Dawa ɗaya, jini kala biyu. Ya ce shi bai yi boko ba, amma ya san ba ciwo ɗaya ba ne.

LikitarDabbobi_KT

Malam Maiturke, sannu da jinya. Baffa ya riga ni faɗin abu mafi muhimmanci: a ɗauke albasar yau. A mayar mashi da harawa da dusa, ruwa mai tsabta kada ya yanke, a bar shi a inuwa, kada a ja shi ko a kore shi. Dabbar da jininta ya yi ƙasa haka tana iya faɗuwa matacciya saboda ɗan guje-guje kawai. Gobe da safe a kai samfurin jininsa asibitin dabbobi a auna yawan jajayen ƙwayoyin, abin da muke kira PCV. Lafiyayyen sa yakan kasance tsakanin kashi 24 da 46 cikin 100. A kuma shafa jinin a gilashi a duba a madubin awo, don a tabbatar ba ƙwayar cutar kaska ba ce. Allurar da aka yi mashi ba ta da aiki a kan albasa.

Ga gwaji ɗaya da za ka iya yi da kanka. Tari fitsarin a farar kwalba ka ajiye awa 1 ko 2. In jini ne ke zuba daga mafitsara ko ƙoda, ja zai kwanta a ƙasa, sama ya washe. In kuwa launin ya tsaya yadda yake daga sama har ƙasa, to ƙwayoyin jinin sun riga sun fashe tun a cikin jijiya, jan abin da ke cikinsu ne ƙoda ke tacewa. Na albasa haka yake.

Yanzu ga tambayarka, don ta fi ƙarfin a ce maka "haka Allah ya yi su" a wuce, ko da yake haka ɗin ya yi su.

Jar ƙwayar jini kamar 'yar salka ce cike da himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu. A jikin mutum da dabbobi masu shayarwa, ƙwayar nan ba ta da cibiya, wato ɓangaren da ke ba ƙwaya umarnin aiki, tun a ɓargo ta yar da ita. Saboda haka ba ta iya ƙera sabon kayan gyara. Da guzurin da ta fito da shi za ta yi rayuwarta, ta mutum wajen kwana 120, ta kyanwa wajen kwana 70. Aikinta kuma ɗaukar iskar da ke sa ƙarfe tsatsa ne, ga ƙarfen a cikinta. Abin da ke kare ta wani sinadari ne da ake kira gulutatayon, da wasu 'yan ma'aikata da ke sabunta shi duk lokacin da ya ƙare.

Albasa da tafarnuwa da lawashi suna ɗauke da sinadarai masu farar wuta, su ne ke sa yaji da hawaye. In sun shiga jini da yawa sai su cinye garkuwar nan, himogulobin ya lalace ya dunƙule ya manne a bangon ƙwayar. Wani Bajamushe, Robert Heinz, shi ya bayyana waɗannan ƙullutai a 1890, har yau da sunansa ake kiran su. Ƙwayar da ta yi ƙullutu ta rasa laushinta. Ko saifa ta kama ta ta rushe, ko ta fashe a hanya. In suka fashe da yawa lokaci ɗaya, ga jan fitsari, ga farin dasashi, ga haki, bayan kwana biyu kuma idanu su yi ruwan ɗorawa.

A wajen albasa, cikin dabbobin gida masu cin ciyawa shanu ne suka fi rauni, doki da jaki na tsakiya, tumaki da awaki suka fi juriya. Babban dalili yana cikin tumbi: ƙananan halittun da ke tumbin tunkiya suna saurin sabawa da sinadaran, su warware su kafin su kai ga jini. An taɓa ciyar da tumaki albasa zalla na makonni, jininsu ya ɗan sauka sannan ya farfaɗo. Saniya kuwa, da zarar albasa ta haura kashi 1 cikin 4 na abincinta, idan aka cire nauyin ruwa, an shiga haɗari. Kai kuma ka janye harawa, ka bar shi da ita kusan zalla, ga shi shi ke ture kowa a komi. Amma kada ka ɗauka ragunan ba abin da ya taɓa su. Da za a duba jininsu yau, zai yi wuya a rasa ƙullutan nan, illa dai ba su kai yawan da za su kayar da su ba.

Wadda ta fi kowa rauni ma ba ta cikin turkenka, tana cikin ɗakin girki. A jikin himogulobin akwai wasu wurare masu farar wuta da guba irin wannan ke kamawa. Na mutum 2 ne, na kare 4, na kyanwa 8. Giram 5 na albasa a kan kowane kilo na nauyin kyanwa ya isa ya taɓa jininta, kare kuma daga giram 15 zuwa 30. Kyanwa mai kilo 3, ɓari ɗaya na ƙaramar albasa ke nan. Dafuwa ba ta kashe gubar, don haka ragowar miya da albasar tsire duk suna ciki. Masu dawakin hawan Sallah da ke ɗura musu tafarnuwa kullum don ƙarfi, su ma su yi hattara da yawanta, hanyar ɗaya ce.

Abin da Baffa ya gani a dawa kuwa ya burge ni, don ya raba abin da ɗalibai ke ruɗewa a kai a jarrabawa. Jini mai launin makuba na naitiret ne, wanda ke taruwa a karan da ya sha taki ya kuma sha fari. Tumbi ke juya shi ya zama naitirayit, shi kuma ya canza ƙarfen da ke cikin himogulobin ta yadda ba zai iya riƙe iska ba. Ƙwayar ba ta fashe ba, tana nan tana yawo, amma fanko ce. Shi ma ya fi kayar da shanu a kan tumaki. Jan jini mai haske na gyauro kuwa aikin gubar sayanayid ne, kuma shi bai taɓa ƙwayar jinin ba sam. Ta ɗauko iska lafiya lau, naman jiki ne aka hana karɓa, sai ta koma da kayanta. Shi ya sa jinin ke yin jawur alhali dabbar na mutuwa da rashin iska.

Tambaya ɗaya: ya taɓa yini da ƙishirwa sannan aka ba shi ruwa mai yawa lokaci guda? Ina tambaya ne don a irin zafin nan maruƙa kan yi jan fitsari ta wannan hanyar, ruwa ya tsinka jini, ƙwayoyin su kumbura su fashe. A nan raƙumi ne sarki. Ƙwayoyinsa masu siffar ƙwai ne, suna iya kumbura su ninka girmansu fiye da sau 2 ba su fashe ba, shi ya sa waɗanda ake kawowa Mai'aduwa daga Nijar ke shan ruwan kwanaki a tsayuwa ɗaya. Akuyar da ke hawa katangarka kuwa, ƙwayoyinta ne mafi ƙanƙanta a dabbobin gida, kuma in aka sa su a ruwa marar gishiri a ɗakin awo, suna cikin masu fara fashewa.

Sarkin_Balami

Likita, Allah ya ƙara basira. Amma bari in kare san Malam kaɗan, kada raguna su yi ta alfahari.

Shekara 2 da suka wuce na turke Uda da Balami guda 9. Wani ya ba ni shawarar in riƙa haɗa musu abincin kajin gidan gona da busasshen kashin kaji, wai suna saurin cika. Kuma sun cika, ba ƙarya. Wata 3 ba ko tari. Ana saura kwana 10 Sallah na loda su a mota zuwa kasuwar Charanci, rana ta dake su, ba a yi ciniki ba na dawo da su. Kwana 2 tsakani guda 3 suka kwanta, ido rawaya, fitsari baƙi-baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta. Da mahauci ya buɗe ɗaya, kitsen rawaya, ƙodar kuwa baƙa mai sheƙi. Wani ɗan bijimi da na haɗa su da shi a abincin nan ko gezau. Har yau ina zargin wani abu suka ci a kasuwa.

Maman_Ilham

Innalillahi. Likita, maganarki ta tuna mini da kyanwata. Ta yi kwana 2 ba ta cin abinci, jikinta da zafi, sai na ɓalli rabin farasitamol na jiƙa na ɗura mata, yadda nake yi wa yara. Kafin magariba fuskarta ta kumbura, harshenta ya yi wani iri kamar toka-toka, da asuba ta mutu. Na ɗauka ciwon ne ya kashe ta.

LikitarDabbobi_KT

Hajiya, ki yi haƙuri, amma alamun da kika faɗa na maganin ne. Hantar mutum tana da hanyar da take ɗaure farasitamol ta fitar da shi, ta kyanwa kuwa tana da ƙarancin wannan hanya ƙwarai. Sai maganin ya juye ya zama guba, ya faɗa wa himogulobin mai wurare 8 ɗin nan, jinin ya koma launin makuba irin na saniyar Baffa. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana kashe babbar kyanwa, rabi ma yana iya yi. Ba ke kaɗai ba ce, na sha gani.

Alhaji Sarkin Balami, ba a kasuwa suka ci ba, a gidanka suka ci, wata 3 suna ci. Ana ƙara sinadarin jan ƙarfe, kofa, a abincin kaji, kuma yana fitowa a kashinsu. Hantar tunkiya ba ta iya fitar da shi ta matsarmama da kyau, sai ta yi ta tarawa shiru, ragon na ƙiba kana murna. Ranar da wahala ta same shi, tafiyar mota ko zafin rana ko yunwa, hantar ta saki abin da ta tara cikin jini a lokaci ɗaya, ƙwayoyin su tarwatse. Baƙar ƙodar nan ita ce shaidarsa. Shanu da awaki sun fi tumaki jure shi nesa ba kusa ba. Ko dutsen lasa za ka saya, duba wanda aka rubuta na tumaki ne, na shanu yakan fi yawan kofa.

Nas_Daurawa

Ni ba ni da ko kaza, a ɗakin jarirai nake aiki, amma na kasa wucewa. Abin da Likita ta bayyana muna ganin irinsa a tsakanin mutane su kansu.

Cikin 'yan ma'aikatan da ta ce suna sabunta garkuwar ƙwayar jini akwai wanda ake kira G6PD. Wasu ana haihuwarsu da ƙarancinsa, mutum wajen miliyan 400 a duniya, kuma ƙasarmu na cikin inda ya fi yawa, don yana tafiya ne da yankunan zazzaɓin cizon sauro. Ta wajen uwa ɗa namiji ke gadonsa, shi ya sa ya fi bayyana a maza. A 1956 aka gano shi a Chicago ta Amurka, wajen binciken dalilin da ya sa maganin zazzaɓi firimakwin ke fasa jinin wasu ya bar wasu. Mai shi lafiyarsa ƙalau, zai iya tsufa bai sani ba, sai ranar da ya haɗu da abin da bai dace da shi ba.

Wanda ya fi ba mu wahala shi ne kafur, farin ƙwallon nan da ake jefawa a akwatin tufafi saboda kyankyasai. Ana ajiye kayan jariri wata da watanni a cikinsa, a haihu a sa mashi. Sinadarin naftalin yana shiga ta fata da numfashi. Jariri ɗaya ba abin da zai same shi, wani kuma kwana 3 ya yi rawaya har tafin ƙafa. Lallen ƙunshi ma an san yana yi wa masu wannan ƙarancin haka idan aka shafa wa jariri. Cutar shawara mai tsanani a makon farko tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma in ta taɓa ba ta gyaruwa. Don Allah iyaye, in idon jariri ya yi rawaya a kawo shi asibiti a ranar, a bar zancen shanya shi a hantsi ana jira.

Likita za ta gyara mini in na yi kuskure: shuɗin metilin da kuke yi wa saniya allura in jininta ya koma makuba, mu ma muna amfani da shi, amma ga mai ƙarancin G6PD shi kansa fasa jinin yake.

LikitarDabbobi_KT

Haka yake, Sista. Kyanwa ma da taka-tsantsan ake ba ta shi, don yana haifar mata da ƙullutan Heinz ɗin da ake gudu.

Maiturke_ƘofarSauri

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. A gaida Baffa, a ce mashi na duba, kaska 2 kawai na samu a kunne, kuma ba zazzaɓi. Likita, bai taɓa rasa ruwa ba, yarona na cika mashi safe da yamma.

Na yi gwajin kwalbar tun daren. Har na yi sallar isha'i na dawo launin bai motsa ba, sama da ƙasa ɗaya. Da safe aka ɗebi jinin, PCV ɗinsa 16, ba a ga ƙwayar cutar kaska ba. Wanda ya duba ya kira ni ya ce in sa ido a madubin. Ni dai da farko ban ga komai ba sai jajayen ɗigo-ɗigo, sai da ya nuna mini wasu da ɗan ƙullutu a gefe kamar an manna musu ƙwayar gero. Na daɗe ina kallo. Buhu 7 na kyauta.

Yau kwana 5 da janye albasar. Fitsarin ya koma kamar shayi marar kauri, jiya da dare kuma na ji shi yana tuƙa, har na tashi maiɗakina ta zo ta ji. An ce jinin zai ɗauki makonni kafin ya cika, kada in yi gaggawar kai shi kasuwa. Ya zube sosai, ƙugunsa duk ya fito. Dillalin da ya taya shi wata guda da ya wuce ya zo jiya, ya zagaya shi sau ɗaya, ya ɗaga leɓensa, ya ce Allah ya sawwaƙe, bai ƙara cewa komai ba.

Maƙwabcin nawa har yanzu yana kan bakansa, ya ce ai bakin ne ya sa na karɓo albasar. Ban ja da shi ba.

Sista, maiɗakina na da ciki wata 8. Da na karanta mata abin da kika rubuta, ta tashi ta zazzage akwatin kayan haihuwa, ƙwallon kafur 6 muka tsinta a ciki. An wanke kayan sau 2, suna kan igiya yanzu, amma in ka matsa kusa har yanzu da ɗan ƙamshin. A sake wankewa ne, ko shanya a rana ta isa?

Sauran buhu 2 da rabi na haƙa rami a ƙarshen kangon na binne, na ɗora tsohon kwano da duwatsu a kai. Da safen nan na tarar jar akuyar nan ta ture kwanon tana tono.